Kare mai furfura a bayan waya: yadda tsofaffin karnuka ke ƙarewa a keji a Amurka da Birtaniya, da masu fito da su

Wanda ya shiga gidan ajiye dabbobi na hukuma a wani birni na Amurka, abin da zai fara yi masa maraba haushi ne, sai warin maganin wanke daɓe. Kejuna ne jere hagu da dama, ƙasa siminti, kowace ƙofa da katinta: suna, shekaru, da dalilin zuwa. Matasan karnuka ne ke tsalle suna dafa waya, wutsiya na kaɗawa kamar za ta tsinke, kowanne yana neman a gan shi. Sai ka kai can ƙarshen layi za ka tarar da wanda bai ko ɗaga kai ba. Yana kwance ya ba ƙofa baya, bakinsa ya yi fari fat da furfura, idanun sun yi hazo-hazo, faratan sun yi zaƙo-zaƙo don an daɗe ba a yanke ba. Katinsa ya ce shekara 11, mai shi ta rasu. Masu neman kare sukan ɗan tsaya a wurinsa, su girgiza kai, su wuce wajen 'yan kwikwiyo.

Na san mai karatu a Kano ko Maraɗi zai iya cewa, mutane na kwana da yunwa, ana maganar tsohon kare? Tambayar tana kan hanya, amma a yi haƙuri a bi ni. A wurinmu kare ma'aikaci ne: gadi, farauta, rakiyar garke. Yana waje, ƙanzo da ƙashi sun ishe shi, in ya tsufa ya samu inuwar katanga ya kwanta, wani ya jefa masa abin da ya rage. Ko maigidansa ya mutu, gidan yana nan, unguwar tana nan. A biranen Turawa ba haka abin yake ba. Kare yana cikin ɗaki, bai taɓa neman abinci da kansa ba, doka ba ta yarda ya yi yawo shi kaɗai ba, kuma sau da yawa mutum ɗaya tak ya sani a duniya. Ranar da wannan mutumin ya kwanta ciwo ko ya rasu, karen ba shi da zaure, ba shi da tsakar gida, ba shi da maƙwabci. Motar hukuma ce za ta zo. Saboda haka duk wanda ya bibiyi labarin tsofaffin karnuka a can, zai ga rabinsa labarin tsofaffin mutane ne da ke zaune su kaɗai.

Tsare karnuka ya girmi tunanin ceto su nesa ba kusa ba. A birnin New York a 1877, karnukan da aka kama ba a zo fansa ba, cusa su ake yi cikin wani ƙaton kejin ƙarfe a zura a kogin East River har su mutu, 'yan kallo na tsaye a bakin ruwa. A Landan wata mata mai suna Mary Tealby ta buɗe gidan karnukan da suka ɓata tun 1860, wanda ya koma unguwar Battersea a 1871 kuma yana nan har yau. A Philadelphia, Caroline Earle White da wasu mata 'yan'uwanta suka kafa irinsa na farko a Amurka a 1869. Duk da haka, shekara ɗari bayan nan babban aikin gidajen rage yawa ne. A shekarun 1970 ana ƙiyasin karnuka da maguna miliyan 12 zuwa 20 ake kashewa kowace shekara a Amurka. Dandaƙa da cire mahaifa, da wayar da kan mutane su riƙa ɗaukar dabba daga gidan ajiya maimakon saye, su suka karya wannan adadi. Zuwa 2019, ƙungiyar hana zaluntar dabbobi ta Amurka, ASPCA, wadda Henry Bergh ya kafa a 1866, ta ƙiyasta cewa dabbobi miliyan 6.3 ke shiga gidajen a shekara, ana kashe kimanin 920,000, daga ciki karnuka 390,000.

An samu sauƙi, ba shakka. Amma sauƙin bai rabu daidai ba. Ɗan kwikwiyo mai lafiya a yau da wuya ya kwana biyu a keji. Waɗanda suka rage su ne manya masu wuyar hali, da marasa lafiya, da tsofaffi.

Wane ne tsoho?

Akasarin ƙungiyoyin ceto suna sa iyaka a shekara 7 ko 8. Iyakar ta ofis ce kawai, don jikin kare bai san ta ba. Abin mamaki game da karnuka shi ne ƙanana sun fi manya tsawon rai, akasin yadda giwa ta fi ɓera daɗewa. Ƙaton kare irin Great Dane yakan yi shekara 7 zuwa 10 ne gaba ɗaya, yana ɗan shekara 6 ya fara ja da baya. Ɗan mitsitsin Chihuahua kuwa yakan kai 14 zuwa 16, don haka in an kawo shi yana ɗan 8, rabin rayuwarsa kawai ya ci. Ana rubuta wa su biyun "tsoho" a kati ɗaya, mai wucewa kuma ya karanta "saura ƙiris".

Lissafin nan da aka saba ji, wai shekarar kare ɗaya shekara bakwai ce ta mutum, ba shi da tushe mai ƙarfi. A 2020 masu bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego sun fitar da nazarin da suka yi kan karnuka 104 'yan jinsin Labrador, suna duba yadda ƙwayoyin halitta ke sauyawa da shekaru. Abin da suka gano shi ne kare yana tsufa da gudu a farko, sannan ya lafa. Ɗan shekara 1 ya yi daidai da mutum mai shekara 31, ɗan shekara 7 kamar mai 62, ɗan 12 kuma kamar mai 70 da ɗoriya. Jinsi ɗaya aka yi aikin a kansa, ba za a shimfiɗa shi kan kowane kare ba, amma ya nuna abu guda: tsakanin shekara 7 da 12 akwai doguwar tafiya ta dattijantaka, ba gangara ce kai tsaye zuwa kabari ba.

Hanyoyin da ke kai tsohon kare keji ba su da yawa, kuma kusan duk daga wajen mutum suke. Mai shi ya rasu, 'ya'yan suna wani gari, gidan hayarsu ba a yarda da dabba ba. Ko an kai shi gidan kula da tsofaffi, inda galibi ba a shiga da kare. Ko mantuwar tsufa ta kama shi har ya daina tuna ya ba karen abinci. Akwai waɗanda aka tashe su daga gida suka rasa wani da zai karɓe su da kare, musamman babba. Akwai wanda likitan dabbobi ya miƙa wa takardar kuɗin da ya fi ƙarfinsa, ya zo ya ajiye abokin zamansa na shekara goma yana kuka. Sai kuma waɗanda ba su da uzuri: masu gonakin hayayyafar karnuka don sayarwa, waɗanda in karya ta daina haihuwa sai su yar da ita, da masu ajiye tsoho su sayi sabo. Karen bana shi ke maganin zomon bana, in ji mafarauta, sai dai su waɗannan ba zomo suke nema ba.

A Ingila, in hukumar gari ta kama kare yana yawo, doka ta ce ta riƙe shi kwana 7 kafin ta miƙa shi ga wani ko ta yanke shawara a kansa, kuma tun watan Afrilun 2016 wajibi ne a dasa wa kowane kare wata 'yar na'ura mai girman ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, mai ɗauke da lambar da za a gano mai shi. A Amurka kowace jiha da nata, yawanci 'yan kwanaki ne. Amma wannan jira na karen da ya ɓata ne. Wanda mai shi ya kawo da hannunsa ya sa hannu a takarda, a wurare da yawa babu ranar da doka ta tanadar masa.

Keji yana cinye tsoho

Nan ne matsalar take da zurfi, don zaman keji ba ya yi wa tsoho da yaro illa iri ɗaya. Karen da ya shekara goma yana kwana a kan darduma kusa da gadon mutum ɗaya, sai ga shi a kan siminti mai sanyi, haushi ba ya yankewa dare da rana. Ciwon gaɓoɓin da yake lallaɓawa a gida sai ya tashi. Garkuwar jikinsa ta yi rauni, tarin da ke yawo a irin waɗannan gidaje ya kama shi, abin da matashi zai warke cikin mako biyu shi ya zame masa ciwon huhu. Wasu sukan daina cin abinci. Wanda ya saba ba ya ɓata ɗaki zai riƙe fitsari har ya galabaita. To duk wannan sai ya sa ya ƙara zama abin gudu a idon mai neman kare: ya rame, ya yi shiru, ba ya zuwa bakin waya. Kwanakinsa su yi ta tsawo, kejin kuma ana buƙatarsa. Ma'aikacin da ke da keji ɗari da karnuka ɗari da ashirin, in ya zauna yin jerin waɗanda za a yi wa allurar mutuwa, ba mugunta ce ke sa ya fara da tsoho ba. Lissafi ne: kejin da tsohon zai riƙe wata biyu, 'yan kwikwiyo goma za su bi ta cikinsa su samu gida.

Su kuma masu gudun tsohon kare, tsoro biyu ne ke damunsu, kuma ba na ganin laifinsu. Na farko kuɗi. Kusan kowane tsohon kare da ya zo yana da ruɓaɓɓun haƙora, kuma ba a gyara haƙorin kare sai an sa shi barci, ba a sa tsoho barci sai an gwada jini an duba zuciya da ƙoda. Kafin a gama ɗaruruwan daloli sun tafi, in an cire haƙora da yawa ya haura dubu. Ga ƙari a jiki da sai an yanka a duba ko daji ne, ga yanar ido, ga ciwon zuciya da ke yawan kama ƙananan karnuka, ga magungunan gaɓoɓi na kullum. Kamfanonin inshorar dabbobi kuma ba sa biyan ciwon da kare ya zo da shi kafin a yi masa rajista, wato dai ainihin abin da tsoho ke fama da shi. Tsoro na biyu ya fi wuyar magani: mutum ya san in ya saba da dabbar nan, ba da daɗewa ba zai binne ta.

Masu fito da su

Sherri Franklin mai gyaran gashi ce a San Francisco, tana zuwa aikin sa kai a gidan ajiye dabbobi tana fita da karnuka yawo. A nan ta lura cewa tsofaffin ba sa fita ta ƙofar gaba. Ta fara kwashe su ɗaya bayan ɗaya zuwa gidanta, a 2007 ta kafa ƙungiyar Muttville, wadda ba ta karɓar kare sai ya kai shekara 7. Yanzu karnukan da suka bi ta hannunsu sun haura 10,000. Dabararsu ba wata sihiri ba ce. Su je gidajen hukuma su ɗauko waɗanda ke kan layin allura, likitansu ya yi duk aikin mai tsada tun farko, haƙora da gwaje-gwaje da tiyata, a yi wa kare wanka da aski, a ajiye shi a ɗaki mai kujeru da katifu babu keji, ko a gidan mai riƙo. Karen da ya zo yana wari yana ɓoye fuska, bayan an cire masa haƙoran da suka shekara suna masa zogi, sai ka ga ya koma wasa da ƙwallo. Da yawa daga abin da ake ɗauka tsufa ne, ashe ciwo ne kawai da ba a kula ba.

Amma akwai karnukan da ko an yi musu wannan duka ba mai ɗauka, don ciwon nasu ba na warkewa ba ne. A nan wata dabara ta shigo wadda, a ganina, ita ce mafi hikima a harkar baki ɗaya, kuma Bahaushe ba zai sha wahalar gane ta ba don riƙo ne. Ƙungiyar Old Dog Haven da Judith da Lee Piper suka kafa a jihar Washington a 2004 ba ta da ginin ajiye karnuka ko ɗaya. Gidajen mutane take da su, ɗaruruwa. Kare yana zama mallakar ƙungiya har mutuwarsa, ita ke biyan likita da magani, mai riƙo kuma ya ba da ɗaki da abinci da lokaci. Haka Old Friends Senior Dog Sanctuary da Zina da Michael Goodin suka kafa a Mount Juliet ta jihar Tennessee a 2012 take yi da masu riƙon da ke zaune kusa da ita, inda za su iya kawo karen asibitinta. Abin da suka gano shi ne masu son tsohon kare ba su yi kaɗan ba, takardar likita ce ke korar su. Da aka raba ƙauna da kuɗi, kowa ya ɗauki wanda zai iya, sai gidaje suka buɗe. Ita kuwa Grey Muzzle, da Julie Dudley ta kafa a 2008, ba ta taɓa kare da hannunta: kuɗi take tarawa ta raba wa gidajen ajiya da ƙananan ƙungiyoyi don haƙori da magani da kulawar ƙarshe. A Amurka har an ware watan Nuwamba don tallar ɗaukar tsofaffin dabbobi.

Ranar da aka kawo tsohon kare sabon gida, ba a ganin godiya irin ta bidiyon intanet. Zai shinshina kowane lungu, ya koma bakin ƙofa ya tsaya yana jiran wanda ba zai zo ba. Daren farko faratansa za su yi ta ƙwas-ƙwas a kan daɓe yana kai da komo. Masu harkar suna da wani lissafi da suke faɗa wa sabon mai riƙo: kwana 3 kafin firgici ya sake shi, mako 3 kafin ya gane tsarin gidan, wata 3 kafin ya ɗauki wurin nasa ne. Ba doka ba ce, hanyar koya wa mutum haƙuri ce. Sauran ƙananan abubuwa ne. A shimfiɗa darduma a kan tayil don ƙafafun baya suna zamewa. A jiƙa busasshen abincinsa da ruwan ɗumi tunda haƙoran sun tafi. A sa katako mai gangara a matakala. In kurma ne, kada a taɓa shi daga baya yana barci, a buga ƙafa a ƙasa ya ji girgiza tukuna. In makaho ne, kada a riƙa sauya wa kujeru wuri, don da ƙafa da hanci ya haddace ɗakin. A sakamakon haka mai gida yana samun abin da ɗan kwikwiyo ba zai ba shi ba: dabbar da ba ta tauna takalmi, ta san fita waje yin bahaya, girmanta da halinta sun riga sun bayyana, kuma rabin yininta barci ne.

Magunguna ma sun ci gaba. Akwai allurar wata-wata mai suna Librela don ciwon gaɓoɓi, wadda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2023, ko da yake a ƙarshen 2024 hukumar ta aika wa likitocin dabbobi gargaɗi kan illolin da aka kawo mata rahoto. Akwai kuma maganin ruɗewar tsufa, don karnuka ma suna yinta: kare ya maƙale a kusurwar ɗaki ya rasa yadda zai juyo, ko ya kwana yana haushin bango.

Inda maganar ke da ƙaiƙayi

A 1994 San Francisco ta zama wurin da aka fara gwada alƙawarin cewa ba za a ƙara kashe kare ko mage mai lafiya a gidajen ajiyar birnin ba, ƙarƙashin jagorancin Richard Avanzino. Daga nan aƙidar "gidan da ba a kisa" ta bazu, ƙungiyar Best Friends ta jihar Utah ta zama babbar mai yaɗa ta. Ma'aunin da aka tsayar shi ne gida ya fitar da kashi 90 cikin ɗari na dabbobinsa da rai, ragowar goma an bar su don waɗanda ciwo ko haɗari ya sa ba makawa. Aƙidar ta ceci rayuka masu ɗimbin yawa, wannan ba abin musu ba ne. Amma duk inda aka ce lamba ce za ta nuna ƙwazonka, mutane za su koyi yi wa lambar hidima. Gida mai zaman kansa yana da ikon zaɓar wanda zai karɓa. In aka zo masa da kare ɗan shekara 14 mai ciwon ƙoda, sai ya ce babu wuri, lambarsa ta tsira. Karen ya ƙare a gidan hukuma, wanda dole ya karɓi kowa, a yi masa allurar a can, sannan a riƙa zagin ma'aikatan can da sunan makasa. Masu sukar tsarin, ciki har da ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi ta PETA, sun daɗe suna nuna wannan.

Jamus ta bi wata hanya. Dokarta ta kare dabbobi ta haramta kashe dabba ba tare da dalili mai ƙarfi ba, kuma rashin wuri ba ya cikin dalilan, mai karya dokar na iya shan ɗaurin da ya kai shekara 3. Saboda haka tsohon kare a gidan ajiya na Jamus ba ya fargabar allura don cunkoso. Sai dai yana iya shekara da shekaru a wurin har ajalinsa ya same shi, gidajen kuma su cika su rufe ƙofa ga sababbi.

Su kansu masu ceton ba su tsira daga tambaya ba. Hoton kare mai ƙari kamar kabewa yana tara gudummawa a Facebook fiye da roƙon kuɗin abinci, don haka akwai jarabar a yi wa ɗan shekara 15 babbar tiyatar da za ta ƙara masa wata biyu na jinya, da kuɗin da zai gyara haƙoran karnuka goma. An kuma sha samun masu kyakkyawar niyya da suka tara dabbobi fiye da ƙarfinsu har gidan ceton ya koma wurin da ake zuwa ceto. Ƙungiyoyin da suka san aikinsu ba sa ɗaukar jan numfashi a matsayin nasara. Wata likitar ciwon daji ta dabbobi a Kalifoniya, Alice Villalobos, ta tsara ma'aunin da masu riƙo da yawa ke amfani da shi: a duba zogi, da ci, da sha, da tsafta, da walwala, da iya tashi, sannan a ƙirga ko ranakun daɗi sun fi na wuya yawa. Wasu sukan rataye kalanda a kicin suna sa alama kowace yamma. Ranar da baƙaƙen alamu suka rinjayi farare, sai a kira likita, sau da yawa ya zo har gida, a yi abin a kan dardumar da karen ya saba kwanciya, kansa a cinyar mai riƙo. Allurar iri ɗaya ce da ta gidan hukuma. Wurin ne da hannun da ke riƙe da shi suka bambanta, kuma masu riƙon ƙarshe za su gaya maka saboda wannan bambancin suke aikin.

Ko mutum bai yarda da ajiye kare a ɗaki ba, kuma da yawanmu ba mu yarda ba bisa dalilan addini da na al'ada, tausayin dabbar ba baƙon abu ba ne gare mu. Tun muna yara muka ji hadisin mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai lallagen ƙishirwa, Allah Ya gafarta masa. Abin da ya bambanta shi ne irin nauyin da Bature ya ɗora wa kansa: shi ya mayar da dabbar ba ta iya rayuwa sai da shi, don haka bashin ya fi yawa a wuyansa.

Shi ya sa in aka tambaye ni wane aiki ya fi duka, zan nuna wanda ke hana karen isa keji tun farko. A Birtaniya, Averil Jarvis ta kafa Cinnamon Trust a 1985, ta sa mata sunan karyarta, hedikwatarta tana garin Hayle a yankin Cornwall. Aikinsu da tsofaffin mutane ne da masu ciwon ajali. Tsohuwar da ƙafa ta hana ta fita, ɗan sa kai zai zo ya fitar mata da kare yawo, ya sayo abincinsa, ya kai shi asibiti. In an kwantar da ita, a riƙe mata shi har ta dawo. In ta rasu kuma ta riga ta yi masa rajista, ƙungiyar ta ɗauki nauyinsa har ƙarshen ransa. Akwai tsofaffin da ke ƙin zuwa asibiti ko ƙin komawa gidan kulawa saboda ba su san inda karensu zai kwana ba, to wannan aikin mutum biyu yake ceta a lokaci guda. Muttville ma ta gane haɗin: duk mai shekara 62 zuwa sama da ya zo ɗaukar tsohon kare, ba ya biyan kuɗin karɓa. In aka tuna lissafin masu binciken San Diego, ɗan shekara 62 da kare ɗan shekara 7 sa'o'in juna ne. Tafiyarsu ɗaya, barcin ranarsu ɗaya, kuma tsohon da ke tsoron ɗaukar ɗan kwikwiyon da zai rayu shekara 15 bayansa ya samu daidai da shi.

Masu hali suna warware matsalar da wasiyya. Attajirar otal-otal ta New York, Leona Helmsley, da ta mutu a 2007 ta bar wa karyarta Trouble dala miliyan 12, har sai da alƙali ya rage zuwa miliyan 2. Karnukan Sarauniya Elizabeth biyu, Muick da Sandy, waɗanda aka fito da su harabar fadar Windsor ranar jana'izarta a watan Satumban 2022, ɗanta Andrew da tsohuwar matarsa Sarah Ferguson ne suka karɓe su. Talaka mai fansho ba shi da miliyan, ba shi da fada. Abin da ƙungiyar kula da karnuka ta Birtaniya, Dogs Trust, wadda ke aiki tun 1891, ta tanadar masa shi ne kati kyauta da zai sa a walat ɗinsa kusa da katin banki, mai cewa in na mutu ko na kasa, a kira waɗannan su ɗauki karena. Masu karɓar irin waɗannan karnuka sukan roƙi mai shi ya rubuta musu duk abin da ya sani tun yana da ƙarfin riƙe biro: sunan da karen ke amsawa, maganin da yake sha da ƙarfe nawa, ko yana tsoron tsawa, ko yana jituwa da maguna, da gefen gadon da ya saba kwanciya.